Baƙi Uku a Laftof ɗin Maman Yara

Ni dai caja nake sayarwa. Caja, da murfin waya, da gilashin nan da ake manna wa fuskar waya don kada ta tsage. Amma in ka shigo layinmu ka ce kana neman mai caja, ba wanda zai gane wanda kake nufi. Sai ka ce Injiniya. Ba makaranta ce ta ba ni sunan ba, ba kuma jama'a ba. Ni na kira mai fenti da bakina na ce ya rubuta a saman ƙofar shagona da manyan baƙaƙe, tun ranar da na mari wata fanka da ta daina juyawa ta ci gaba da aiki. Mutane suka fara kira suna dariya. Dariyar ta gaji ta tafi, sunan ya zauna.

Shagon da ke jikin nawa na matata ne, maman yara. Ita surfani take yi, da wani keken ɗinki mai karɓar umarni daga kwamfuta. Ta tsara zane a allo, ta ɗaure yadi a zobe, ta danna, keke ya yi ta caccaka har zanen ya fito. Ita ba ta rubuta komai a saman ƙofarta ba, amma in za a faɗi gaskiya, da allurarta ake cika tukunyar gidanmu. Cajata ta gishiri ce kawai.

Ana nan sai wata makaranta ta kawo mata aikin da bai taɓa shigowa shagon ba saboda girma: rigunan ɗaliban da za a yaye, kowace a ɗinka mata tambarin makaranta a ƙirji. A saman tulin kuma ga babbar rigar shugabar makarantar, baƙa wuluk mai sulɓi, wadda aka ce daga nesa aka yo odarta, ko da fitila ba ka samun irinta a kasuwa. A makon ne kuma tsohuwar kwamfutar shagon, wadda ta girmi ɗanmu na fari, ta yi tari ta ce ga garinku nan.

Yayanta ya kawo mata laftof sabo fil a kwali. Sai dai manhajar da keken ke jin maganarta tsohuwa ce tukuf. Aka kwafo ta daga filashi aka sa, laftof ya dube ta sama da ƙasa ya ce bai san wannan zancen ba.

"Gobe zan kai shi kasuwa wurin masu gyara," in ji ta muna cin abinci.

Na ajiye cokali. "Wurin wa?"

"Masu gyara."

"Maman yara, ki dubi girman Allah. Matar Injiniya a layin masu gyara da laftof a hammata? In aka gan ki, ni da wane ido zan dubi jama'a?"

"Da wanda kake duban su da shi kullum."

"Ki bari in gaya miki abin da masana ke yi. Ana gina wata kwamfutar ce a cikin wannan. Kamar ki yanki ɗaki a gidanki ki sauke baƙo. Baƙon tsohuwar kwamfuta ce da tsohon tsarinta da tsofaffin halayenta. Manhajarki ta shiga can ta baje, ta ɗauka har yanzu zamaninta ake yi. Mai masauki na aikinsa, baƙo na nasa."

Wannan bayanin gaskiya ne tsantsa, don ba nawa ba ne. Wani da ya zo sayen caja na ji yana yi wa abokinsa a waya.

Ta dube ni. "Ka taɓa yi?"

"Irin wannan ai ba sai an taɓa yi ba."

"Baban yara, rigunan mutane ne fa. Ranar Asabar za a sa su."

"Kafin ki gama ware zarenki na gama."

Washegari, tun kafin in ɗaga murfin laftof, na tabbatar kowa a layin ya ji. Mai aski, wanda shagonsa ke fuskantar namu, ya tsallako da cebur ɗin gashi a aljihu. Mutumin nan Allah ya ba shi hannu, amma bakin ya fi hannun kaifi.

"Injiniya, an ce za ka sa kwamfuta ta haihu."

"Ba haihuwa ba ce. Ilimi ne."

"To ita ta cikin, ta ina za ta riƙa shan iska?"

"Kai dai ka ji da ƙeyar mutane, maƙwabci."

"Shi ke nan. In ta sauka lafiya dai a gaya mana mu zo barka."

Ashe kafin a sauke baƙon, sai an samu manhajar da za ta gina masa ɗakin. Nan aikin ya fara nuna mini haƙora, don ba ɗaya ba ce. Na shiga intanet a wayata na tarar da guda uku ake ta gardama a kansu. Ta farko kyauta ce. Wani mai gemu ya fito a bidiyo ya ce duk wanda ya kashe kuɗinsa alhali ga ta kyauta, to a duba lafiyar kansa. Na gyaɗa kai, na ce wannan bawan Allah ya san duniya. Ta biyu ta kuɗi ce, amma suna barin ka ɗanɗana na ɗan lokaci. Wani mai tabarau ya ce ita ce ta ƙwararru, ta fi sauri, ta fi jituwa da kayan da ake jonawa da waya, sauran duk wasan yara ne. Na ce ai dama araha ba ta ado, kuma da ya ce ƙwararru da ni yake. Ta uku kuwa, wai tana cikin laftof ɗin tun daga kamfani, barci take yi, tashinta kawai za a yi. Na ce to, wa zai bar na gida ya tafi neman na dawa?

A ƙarƙashin kowane bidiyo kuma mutane ne ke ta zage-zage, har da ambaton iyaye, a kan abin da ba a ci ba a sha. Duk bidiyon da na gama sai in sauya sheƙa. Haka na wuni, wuyana ya sage, datata ta ƙare, masu sayen caja suka zo suka gaji da sallama suka wuce gaba.

Da la'asar mai aski ya ɗaga murya daga ƙofarsa. "An zaɓa?"

"Ƙaramin injiniya ne ke zaɓe," na ce. "Babba gwaji yake yi."

Na sauke ta kyauta. Na sauke ta kuɗi. Na tashi ta gida daga barci. Na ce wadda ta fi ƙwazo ta nuna kanta, ni ba na son zuciya.

Zakaru uku na zuba a akurki ɗaya. Ta gida tana farkawa ta ce gidan ubanta ne, ta tare ƙofa. Na buɗe ta kyauta, ta fito mini da jan rubutu. Na buɗe ta kuɗi, ita ma jan rubutu, sai dai nata da ladabi. Abin da na tsinta a ciki shi ne, wai akwai wani makunni can cikin hanjin laftof da ba a kunna ba, kuma ba a isa wurin sai an danna wani maɓalli daidai lokacin da laftof ke tashi. Ba su ce wanne ba. Na kashe, na kunna, na baza yatsu goma na hau layin sama na maɓallan kamar mai kiɗa.

Sai ga ni a wani shuɗin allo, rubutu zalla, babu hoto ko na ƙuda. Na duba na ga abubuwa da yawa an bar su a kashe. Na ce dubi sakaci, mutum ya sayi kaya da tsada a bar masa rabi a kashe? Duk wanda na tarar a kashe na kunna shi. Wanda na tarar a sama na sauko da shi ƙasa don shi ma na ƙasan ya ɗana.

Laftof ya tashi da baƙin allo da layin rubutu ɗaya tak, yana cewa ya duba bai ga abin da zai tashi da shi ba.

Daidai nan maman yara ta leƙo. "Me ya same shi?"

"Yana tunani."

"Tunanin me?"

"Ke in aka ce za a sauke miki baƙi uku ba za ki yi tunani ba?"

Tana juya baya na share gumi da murfin waya, don shi hannuna ya fara kaiwa. Allah ya rufa asiri, na sake kunnawa na koma shuɗin allon, a ƙasansa na hango inda aka ce a danna a mayar da komai yadda kamfani ya bari. Na danna. Na lalubo makunnin nan guda ɗaya da ake magana na kunna shi, na lallaɓa ta gida na mayar da ita barci. Laftof ya dawo hayyacinsa. Na fita ƙofa na yi miƙa na ce wa mai kemis, wanda ke gefenmu, an kammala zagaye na farko cikin nasara.

Saura biyu ke nan. Kowace na ce ta gina mini baƙo. Kowace kuma ta tambaye ni, nawa za a yanka wa baƙon daga ƙwaƙwalwar laftof? Aka nuna mini wani ɗan layi da ake ja, farkonsa kore, ƙarshensa ja. Ni kuwa gidan karamci na tashi, an ce baƙonka annabinka. Na ja wa na farko har cikin jan. Na ga in na rage wa na biyu an yi rashin adalci, shi ma na ja masa. Na kunna su tare.

Mai masauki ya wayi gari ko tabarmar zama babu.

Fankar cikin laftof ta fara da gunaguni, ta koma gurnani, ta ƙare da kuka. Mai kemis ya leƙo da farar rigarsa.

"Injiniya, injin niƙa kuka sayo?"

"Ƙarfi ne yake fitowa."

Ya ɗora bayan hannunsa a jikin laftof kamar yadda yake yi wa goshin jarirai, ya janye da sauri. "Wannan ai zazzaɓi ne mai zafi. In da mutum ne da na ce a wuce asibiti."

Na ɗora shi a kan ƙullin zare biyu don iska ta ratsa ƙasansa, na jawo fankar shagon na saita ta a kansa. Kibiyar nan da ake nuna abu da ita a allo ta zama tsohuwa mai sanda. Ka tura ta yanzu, ka je ka sayar da caja ka dawo, sannan ka tarar ta iso. Rubutu ma haka. Ka danna baƙi, sai ya gama shawara da 'yan uwansa kafin ya fito.

Ana wata ga wata. Na danna cikin tagar baƙo ɗaya, kibiya ta shiga ta ƙi fitowa. Na ja hagu, ta tsaya a bango. Na ja dama, bango. A ƙoƙarin ceto ta ban san abin da na taɓa ba, tagar ta buɗe ta cinye allon gaba ɗaya. Na tashi na sallami wani mai sayen gilashi, na dawo na zauna, na manta a ina nake. Na ɗauka a gidan mai masauki nake. Na duba ban ga manhajar kyauta ba. Na ce lalle ta kuɗi ce ta yi mata makirci ta kore ta. Na nemo tsohon samfurinta na sake girkawa, na sake gina baƙo, na sake yanka masa ƙwaƙwalwa da hannu sake.

Sai da na zo rufewa na gane. Na rufe kwamfuta, na tarar da wata a bayanta. Na rufe wannan, ga wata. Kamar mai ɓare albasa, har da hawayen.

Kuskurena shi ne na yi maganar da ƙarfi. "Au, ashe a cikin baƙon na sauke wani baƙon!"

Mai aski na bakin ƙofa. Ya tafa hannu. "Ban ce za ta haihu ba? Jama'a, ku zo barka! Ba 'ya kaɗai ba, har jika an samu!"

Kafin magariba, har mai walda da ke ƙarshen layi ya aiko a tambaye ni ko mai jego na cin abinci.

Ita maman yara ba ta yi dariya ba. Ranar Laraba na shiga na same ta zaune a gaban keke, hannuwa a cinya. Ta goge rigunan ɗaliban nan ta jera, ta ware zare kala-kala, babu sauran abin yi. Ban saba ganin hannunta babu aiki ba.

"Baban yara," ta ce a hankali, "tun da na buɗe shagon nan ban taɓa ce wa mai kaya ya dawo gobe ba. In gobe da azahar keken nan bai motsa ba, zan ɗauki laftof in tafi kasuwa, ko da kana rataye a jikinsa."

Tsoro ya yi abin da ilimi bai yi ba. Na kashe baƙo ɗaya, na kori jikan, na rage wa wanda ya saura ƙwaƙwalwa kaɗan, ba da yawa ba, don kada ya ce an wulaƙanta shi. Na sa tsohuwar manhajar surfani a cikinsa. Ta yi jim, ta yi jim, sai ga ta ta buɗe, da shuɗin goshinta da komai, yadda take a tsohuwar kwamfuta. Maman yara ta matso ta dafa kafaɗata. Fuskarta ta saki kamar ta haɗu da ƙawar da suka daɗe ba su gamu ba.

"Kai, baban yara," ta ce.

Wannan "kai" ɗin shi ya kashe ni. Kaina ya kumbura har na ji hulata ta matse. Tana fita ɗauko ruwa na ce bari in yi gwaji da abin da ya dace da ranar. Na buɗe wurin rubutu, na zaɓi manyan baƙaƙe, na rattaba: INJINIYA BA YA KUSKURE. Ban tsaya jiran baƙaƙen su gama fitowa ba, don in ka biye musu sai ka tsufa. Na danna a aika wa keke.

Keke ko gezau. Na sake dannawa. Shiru. Na yi ta dannawa kamar mai buga ƙofar kurma, har na gaji na rufe tagar na ce da safe a ci gaba.

Da safe ina ta lalube sai na ga wani ɗan hoto a kusurwar allo, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Ashe wayar da ta haɗa keke da laftof tana hannun mai masauki, sai an ce masa ya miƙa wa baƙo. Na ce ya miƙa. Keke ya yi ƙara ɗit, koriyar fitilarsa ta kama. Na buɗe tambarin makaranta na aika masa, sau ɗaya, cikin natsuwa.

Maman yara ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala. Sannan ta yafa mayafi. "Zaren ruwan gwal ɗina ba zai isa ba, bari in je in ƙaro. Kada ka taɓa komai. In na dawo za mu fara gwadawa a ƙyalle. Ka ji ni?"

"Na ji."

"A ƙyalle, baban yara."

"Ai ni na koya wa mutane gwaji."

Ko kwanar layi ba ta sha ba na fita ina shela. Na ce duk wanda ya yi dariyar haihuwa ya zo ya ga abin da aka haifa. Mai kemis ya rufe ƙofa ya zo. Mai walda ya zo da baƙin gilashinsa a goshi. Mai aski ya zo, a bayansa ga mutumin da yake yi wa aski, rabin kai fes rabi daji, da zane ɗaure a wuya.

Ana cikin haka mota ta tsaya. Shugabar makaranta ce da kanta, doguwar mace mai tabarau a kan hanci, irin waɗanda in suka dube ka sai ka tuna aikin gidan da ba ka yi ba tun kana aji uku.

"Ina mai shagon? Na zo in ga samfur, don na ji shiru."

"Ta ɗan fita, ranki ya daɗe. Amma ga wanda ya haɗa komai a gabanki."

"Kai ne wa?"

"Injiniya," in ji mai aski, tun kafin in buɗe baki. "Kwamfutoci uku ya haɗa a cikin ɗaya, ranki ya daɗe. Har da jika."

Ta ce to a ɗauko rigar ɗalibi ɗaya a nuna mata. Da na yi haka, da labarin nan bai kai a ba da shi ba. Amma ido ya yi yawa, kuma bakina ya riga ƙwaƙwalwata tashi.

"Rigar ɗalibi kuma, alhali ga shugaba a tsaye? Ai da babba ake buɗe aiki."

Na zaro baƙar rigar nan daga ledarta. Na sha ganin maman yara na ɗaure yadi a zobe, na ɗaure ƙirjin rigar, ya ɗan karkace amma na ce idon jama'a ne ya karkace. Farin zare mai kauri ne a kan keken, ban ma lura ba. Na yi gajeren jawabi a kan ci gaban zamani. Na danna koren maɓalli.

Keke ya ɗauka, tat-tat-tat-tat. Jama'a suka matso. Mai aski ya sunkuya yana karantawa da ƙarfi.

"I... ga N..."

Shugaba ta gyara tabarau. "Sunan makarantarmu ba da I ya fara ba."

"Daga tsakiya yake farawa, ranki ya daɗe. Sabon tsari ne."

"J... I... In ji. In ji wa?"

"Injin," in ji mai walda da wani baƙin ya fito. "Makarantar koyon injin ce?"

Ashe duk dannawar da na yi jiya ba ta faɗi ƙasa ba. Layi suka yi suna jiran a buɗe hanya, tambarin makaranta kuwa yana can ƙarshen layi.

Na yi tsalle na faɗa kan laftof don in soke. Kibiya ta tsaya cak a tsakiyar allo. Na girgiza ta, na roƙe ta. Tana fara rarrafe sai ga wata taga ta faɗo ta rufe komai: manhajar kuɗi ce, cikin ladabinta, tana tambaya ko na ji daɗin ɗanɗanon, ko zan so in saya yanzu?

Na koma kan keke. Maɓallai ne birjik, na danna wanda ya fi kusa. Keke ya ƙara gudu.

"INJINIYA!" Mai aski ya daka tsawa kamar an ci ƙwallo. "Ranki ya daɗe, ya sa miki hannu!"

Na ce a raina, to, ɓarna dai ta auku, amma ko ba komai abin da zai biyo baya yabo ne. Allura ta sauko layi na biyu. Ina jiran B. Sai na ga Y.

Maɓallan nan masu nawa, ashe jiya sun haɗiye BA.

"Injiniya ya..." in ji mai aski.

"Ya me?" in ji jama'a baki ɗaya.

"K... U... S..."

Na nutsa ƙarƙashin tebur na cafko waya na fizge daga soket. Fankar da ke fifita laftof ta tsaya. Laftof ya yi wani dogon nishi, allo ya yi baƙi. Keke kuwa ya riga ya haddace karatunsa, bai ma san an yi ba. Ina fitowa na buga ƙeya da tebur, ƙullin zare suka zubo suna gangarawa tsakanin ƙafafun mutane.

Keke ya gama, ya yanke zarensa da kansa, ya yi ɗit-ɗit cikin farin ciki. A ƙirjin baƙar rigar, fari tas, ana iya karantawa daga tsallaken titi:

INJINIYA YA KUSKURE.

Mai rabin aski ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Mai walda ya sauke baƙin gilashinsa, wai hasken ya yi yawa. Keke kuma ya ja numfashi ya koma farko, ya fara ɗora na biyu a kan na farkon, don akwai saura da yawa a layi. Allura ta ci karo da tulin zare ta karye, ƙas.

Wani hannu ya ratso ta saman kafaɗata ya danna wani jan maɓalli, ƙato, wanda ke daidai saitin hancina tun ɗazu. Komai ya yi tsit. Maman yara ce, da ledar zare a ɗaya hannun.

Shugaba ta sunkuya ta karanta rubutun a tsanake, kamar mai duba takardar jarrabawa. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Shekara da shekaru ina ba ɗalibai maki," ta ce, "ban taɓa ganin wanda ya rubuta wa kansa sakamako daidai haka ba."

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Na gyara murya. "Ranki ya daɗe, in aka duba ta wani ɓangaren, wannan ya tabbatar da cewa keke na karɓar..."

"Malam," in ji maman yara.

Ba baban yara ba. Malam. Na haɗiye sauran.

Ta ba shugaba kujera, ta ba ta haƙuri ba tare da ta dube ni ba, ta ce ranar Juma'a da yamma kaya za su isa makaranta, in ba su isa ba kada a sake kawo mata ko hankici. Shugaba ta dubi rigar, ta dubi maman yara, ta ce saboda ke, ba saboda wancan ba.

A ranar ta naɗe rigunan ɗalibai ta kai shagon matar da ta koya mata sana'a, wadda rabonta da neman alfarma a wurinta tun tana 'yar koyo. Can ta yi aikin, tana jin habaici tana haɗiyewa. Laftof kuma ta sa a hammata ta bi ta tsakiyar layin masu gyara da rana tsaka. Suka share tarkacena, suka bar manhaja ɗaya da baƙo ɗaya, suka yanka masa daidai cikinsa. Na tambaye ta wacce suka bari a cikin ukun, don ilimi. Ta ce wadda ba ruwanka. Ta kuma sa masa lambar sirri.

Ni aka ba reza da kujera a ƙofar shago, aka ɗora mini baƙar riga a cinya, wai in farke zare ɗaya bayan ɗaya, kuma in na yanki yadin in nemi wurin kwana. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya duba inda na kai. Mai aski ya ba da shawarar in fara da INJINIYA, wai shi ne ƙaryar, sauran a bar shi. Da na gama, wurin ya yi huji-huji kamar rariya. Maman yara ta ɗinka wani ƙaton tambari da zaren ruwan gwal ta rufe shi. An ce ranar yaye ɗalibai har iyaye na tambayar inda aka yi wa shugaba wannan aiki. Na so in ce da hannuna a ciki, amma na duba na ga maganar za ta yi tsawo.

Bayan ƙura ta lafa, wata rana da hantsi mai kemis ya shigo shagona yana waige-waige. Ya sayi caja da ba ya buƙata, sannan ya rage murya.

"Injiniya, tsakaninmu. Akwai wata tsohuwar manhaja da nake lissafin magunguna da ita, ta ƙi hawa sabon laftof ɗina. Wannan abin na kwamfuta cikin kwamfuta, wacce za ka ce in sa?"

Na gyara zama. Na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na ji hular nan ta fara matsewa.

"To, ka zo wurin da ya dace. Ka ga, abin ya danganta. Da farko dai akwai ta kyauta..."

Ta bayan bango, keken maman yara da ke ta tat-tat-tat tun safe ya tsaya cak. Ko tari ba ta yi ba. Tsayawa kawai ya yi.

Na sauke ƙafa.

"Ka tafi kasuwa," na ce da ƙarfi, yadda za a ji a maƙwabta. "Layin masu gyara. Mutanen kirki ne."

Keke ya ci gaba da aikinsa.

Na raka mai kemis har bakin ƙofa, na kama hannun rigarsa, na kai bakina saitin kunnensa.

"Amma in abin ya gagare su, ka san inda nake."